Daga Bakin Fili: Wa Za A Kora, Wa Za A Ɗauko?

A wannan watan za mu ɗan taɓo wata al'ada tamu ta masu sha'awar ƙwallon ƙafa, wadda kowa ya san ta, kusan kowa kuma ya taɓa tsoma baki a cikinta, wato raɗe-raɗin korar koci da ɗauko wani.

Duk mai zama a majalisun Zango ya san yadda abin yake. Da alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, muddin dai mu aka ci, to kafin a kira sallar isha'i an riga an kori koci a teburin mai shayi, an naɗa wani, an yanka masa albashi, har an faɗi jirgin da zai sauke shi a Lome. Wannan ya ce ƙanen matarsa direba ne a ofishin hukumar ƙwallo, da idonsa ya ga takardar. Wancan ya ce ɗan ɗakinsu da ke Jamus ya bugo masa waya cikin dare, ai tuni Bature ya ɗaure kayansa. Ɗan zemijan ya ɗauki zancen daga bakin babbar kasuwa, kafin ya sauke fasinjansa a Didaure an ƙara masa gishiri, kafin ya kai Kpangalam an zuba masa yaji. A da can sai an jira rediyo ta buɗe, a ji abin da BBC ko Muryar Jamus za su ce. Yanzu kuwa ga Facebook ga WhatsApp a aljihun kowa, ƙanzon kurege ya samu mota mai gudu.

In don hira ce ba mu ce akwai laifi ba, ai da ita ake jin daɗin tamaula. Amma fa hayaniyar 'yan kallo tana isa kunnen shugabanni, su kuwa shugabanni sun daɗe da gane cewa hanya mafi sauƙi ta kwantar da ƙura ita ce a miƙa wa jama'a wuyan koci. Saboda haka ya kamata mu waiwaya mu ga abin da wannan sauye-sauye ya jawo mana a Togo, da abin da ya jawo wa maƙwabtanmu, kafin mu sake ɗaga murya.

Bari mu faro daga Stephen Keshi, ɗan Nijeriya, wanda ya karɓi ƙungiyar ƙasa ta Éperviers, wato shahunan Togo, a shekarar 2004. A lokacin babu wanda ke sa mu cikin lissafi. An haɗa mu rukuni guda da Sanagal, wadda ta kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2002, ga kuma Mali da Zambiya da Kongo da Laberiya. Duk da haka muka doke Sanagal da ci 3 da 1 a Lome. Ranar 8 ga watan Oktoba na 2005 kuma muka je har Barazabil muka ci Kongo 3 da 2, Emmanuel Adebayor ya zura ɗaya, ɗanmu haifaffen Sokode, Mohamed Kader, ya zura biyu. Wannan ne karo na farko da Togo ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya. Wanda duk ya yi wayo a lokacin ba zai manta da yadda garin nan ya kwana ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta zaɓi Keshi a matsayin gwarzon koci na 2005.

Bayan wata uku kacal aka je Masar gasar cin kofin Afirka, a watan Janairu na 2006. Saɓanin da ke tsakanin Keshi da Adebayor ya fito fili, aka kuma ci mu duk wasanni uku: Kongo Kinshasa, Kamaru da Angola. Nan da nan bakin da ya yi yabo ya koma zagi. A watan Fabrairu aka sallami Keshi, aka ɗauko Bajamushen nan Otto Pfister, saura wata huɗu a tafi Jamus. Shi dai Pfister ba baƙo ba ne a Afirka. Shi ya ciyo wa Ghana kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 1991, ya kuma kai Black Stars wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1992. 'Yan'uwanmu na zangunan Kumasi da Akara har yau da sunansa suke kiran wandon nan da samari ke saki ya zazzago ƙasa da kwankwaso. Wato dai ba a ce mutumin bai san aiki ba. Sai dai Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya faru a Jamus kuwa duniya ta gani. Rigimar kuɗin alawus ta ɓarke tsakanin 'yan wasa da hukuma, ana saura 'yan kwanaki a fara wasanmu Pfister ya yi fushi ya fice daga sansani. A waɗannan kwanaki raɗe-raɗi ya kai inda ya kai, sunan da ya fi yawo shi ne na Winfried Schäfer, wanda ya ciyo wa Kamaru kofin Afirka a 2002. Ana jajiberin wasa sai ga Pfister ya dawo. Ranar 13 ga watan Yuni na 2006, a birnin Frankfurt, Mohamed Kader ya jefa ƙwallo a ragar Koriya ta Kudu, muka tafi hutun rabin lokaci muna gaba. Da aka dawo aka ba kyaftin ɗinmu Jean-Paul Abalo jan kati, Koriya ta rama ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Suwizalan ta ci mu 2 da nema, Faransa ma haka. Ƙwallon nan guda ta ɗan Sokode ita kaɗai muka dawo da ita gida. Keshi kuwa, da ya sha wahalar noman, ba shi ya yi girbin ba.

Daga nan aka shiga shigi-da-fici. A 2007 aka sake kiran Keshi ɗin da aka kora, bai daɗe ba ya wuce Mali. Aka yi Henri Stambouli, aka yi Jean Thissen, aka yi Hubert Velud, wanda shi ke riƙe da ƙungiyar ranar 8 ga Janairu na 2010 da 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a yankin Kabinda na Angola, inda muka rasa mataimakin koci Améleté Abalo da jami'in watsa labarai Stanislas Ocloo. Bayansa aka yi Thierry Froger, aka yi Didier Six, aka yi ɗan gida Tchanilé Tchakala, aka yi Tom Saintfiet ɗan Beljiyam, sai Claude Le Roy daga 2016 zuwa 2021, sai Paulo Duarte ɗan Fotugal daga 2021 zuwa 2024, a cikin 2024 ɗin kuma aka miƙa ta ga Daré Nibombé, wanda yana cikin 'yan bayanmu da suka buga a Jamus. Mai karatu ya ƙirga da yatsunsa, zai ga hannu biyu ba su isa ba, cikin shekarun da ba su kai 20 ba.

To me aka samu? Abin kirki guda da za a nuna shi ne na 2013 a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Didier Six, lokacin da muka doke Aljeriya 2 da nema, muka yi kunnen doki da Tunisiya, muka tsallake rukuni a karon farko a tarihinmu, sannan Barkina Faso ta fitar da mu da ci ɗaya mai ban haushi bayan ƙarin lokaci. Mun sake zuwa Gabon a 2017 muka dawo tun daga rukuni. Gasannin 2019, 2021, 2023 da 2025 duk an yi su ba mu. Abin ban takaici, a gasar nan ta 2013, Keshi ɗin da muka sallama shi ya ɗaga kofin da Super Eagles, bayan ya taɓa ɗaga shi yana kyaftin a Tunisiya a 1994.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Nijeriya, Shuaibu Amodu ya samo wa ƙasarsa gurbin kofin duniya na 2002, ya zo na uku a gasar Afirka a Mali, aka kore shi tare da mataimakinsa, wanda ba kowa ba ne illa Keshi. Aka ba Adegboye Onigbinde, ya dawo daga Japan da maki ɗaya tak. A 2010 aka sake yi wa Amodu irinta: ya samo gurbi, ya zo na uku a Angola, aka ture shi gefe aka ɗauko Lars Lagerbäck ɗan Suwidin, shi ma ya dawo daga Afirka ta Kudu da maki ɗaya. Amodu da Keshi sun rasu a watan Yuni na 2016, kwanaki kaɗan tsakaninsu.

Haka nan a Nijar. Harouna Doula ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya kai Mena gasar cin kofin Afirka ta 2012, a rukunin da ke da Afirka ta Kudu da Saliyo da Masar mai riƙe da kofi. CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. Aka je Gabon, masu masauki suka ci Mena 2 da nema a wasan farko, nan take aka karɓe ragama daga hannunsa aka ba Bafaranshen nan Rolland Courbis da aka kawo da sunan mai ba da shawara. Sauran wasanni biyun, da Tunisiya da Maroko, su ma an sha kashi. In an haɗa labarin Keshi da na Amodu da na Doula, sai a ga karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kamar don kocin Afirka aka yi ta.

Na san akwai wanda tun ɗazu yake jira ya ce, to Kwaddibuwa fa? Gaskiyarsa. A watan Janairu na 2024, a gasar da suka karɓi baƙunci, Ikwatoriyal Gini ta lallasa su 4 da nema a Abijan, aka kori Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa. Hukumarsu ta nemi Faransa ta ara mata Hervé Renard, wanda a lokacin yake horar da ƙungiyar matan Faransa, aka ƙi. Dole ta sa aka ba mataimaki, Emerse Faé, shi kuwa ya bi da Sanagal da Mali da Kongo Kinshasa, ranar 11 ga Fabrairu ya ci Nijeriya 2 da 1 ya ɗauki kofi. Lallai akwai ranar da sauyi ke yin magani. Amma a lura da wanda ya yi maganin. Mutum ne da ke cikin sansanin tun farko, ya san kowane yaro da halinsa, ya san mai ciwo da mai fushi. Babban sunan da majalisu suka kwana suna ambato bai ko taka filin jirgi ba.

Sanagal kuma ta bi wata hanyar. Ta ba Aliou Cissé ƙungiya a 2015. A 2017 Kamaru ta fitar da su a bugun fanareti, aka ce a kore shi. A 2018 suka fita daga kofin duniya saboda yawan katin gargaɗi, aka ce a kore shi. A 2019 Aljeriya ta ci su a wasan ƙarshe, aka ce ba shi da sa'a. Hukumar ta toshe kunnenta. Ranar 6 ga Fabrairu na 2022, a Yawunde, ya kawo wa Sanagal kofin Afirka na farko a tarihinta, bayan shekara bakwai yana kan aiki. Da a wata ƙasar ce, da tuni an yi koci huɗu a bayansa.

Sai dai a nan ma a yi hattara, don haƙuri shi kaɗai ba ya cin kofi. Mu ma ai mun yi haƙuri da Claude Le Roy har shekara biyar, mutumin da ya ci kofin Afirka da Kamaru tun 1988, ya kuma yi aiki a Sanagal da Ghana da Kongo biyun. Ya kai mu Gabon, ya kasa kai mu gasa biyu da suka biyo baya, ya ajiye aiki a 2021. Bambancin shi ne, a bayan Cissé akwai makarantun horar da yara irin su Génération Foot da Diambars, masu fitar da sababbin 'yan wasa kowace shekara. Koci tamkar mai dafa abinci ne, abin da aka kawo masa daga kasuwa shi zai zuba a tukunya. In ƙwararre irin Le Roy ya yi shekara biyar miya ba ta yi daɗi ba, ya kamata a leƙa kwandon cefane.

Yanzu bari mu ɗan yi bayanin inda raɗe-raɗin nan ke fitowa, don Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin manyan kociyoyi suna da dillalai, kamar dai yadda mai shanu ke da dillali a kara. Dillali ba ya samun la'ada sai an ƙulla ciniki. Saboda haka da ya ji kujerar wani tana rawa, sai ya raɗa wa ɗan jarida cewa ana neman mutuminsa. Wani lokaci don ya cusa shi ne, wani lokaci kuma don ya tsorata inda mutumin ke aiki a ƙara masa albashi. A cikin hukuma ma akwai ɓangarori, kowa da ɗan takararsa, kowa na sakin sunan nasa don ya ji yadda jama'a za su karɓa. Kai kuwa da ka ɗauki zancen ka kai majalisa, ka yi wa wani talla ne kyauta, ko kuɗin shayi bai ba ka ba.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda mu 'yan kallo ba mu cika sa ta a lissafi ba. A yawancin ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, baitulmalin gwamnati ne ke ɗaukar albashin kocin ƙasa, wato kuɗina da naka. Kocin da aka kora kafin wa'adin kwangilarsa ya cika yana da hakkin a biya shi, in an ƙi ya kai ƙara FIFA. Zimbabuwe ta ɗanɗana wannan: a 2015 FIFA ta cire ta daga wasannin neman gurbin kofin duniya na 2018 ɗungurungum, saboda bashin albashin wani tsohon kocinta ɗan Brazil mai suna Valinhos. 'Yan'uwanmu mazauna Amurka kuma sukan ba da labarin yadda abin yake a can, inda jami'o'i ke da ƙungiyoyin ƙwallonsu ta hannu, magoya baya har bin sawun ƙananan jiragen sama suke yi don su gane kocin da ake zawarci. A watan Nuwamba na 2023 jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher, ragowar kuɗin kwangilar da ya hau kanta ya haura dala miliyan 75, wato sama da biliyan 40 na sefa. Su suna da attajiran da za su biya. Mu in an yi irin wannan ɓarna, ko da ƙarama ce, daga kuɗin gyaran fili da na horar da yara za a zaftare.

Don haka duk lokacin da aka kawo maka labari, kafin ka wuce da shi gaba tambayi abu uku. Wa ya faɗa, da sunansa da muƙaminsa? Wa zai amfana in labarin ya bazu? Wa kuma zai biya kuɗin sallamar na yanzu da na ɗauko sabo? In mai labari ya kasa amsa ko ɗaya, to ka sha shayinka kurum.

Mu dawo gida. Mu mutanen Sokode muna da dalilin ɗaga kai a harkar ƙwallo. Sémassi ta ci kofin ƙasa sau 10. Ta jera uku daga 1981 zuwa 1983, ta sake jera uku daga 1993 zuwa 1995, na goman kuwa a 2014 ta ɗauko shi. A 1984 ta kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun kulob na Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta tare mata hanya. Dattawan da suka ga wannan zamani suna nan da ransu, shi ya sa ɗan kallon Sokode ba shi da sauƙin gamsarwa. Ga kuma Unisport da Tchaoudjo a cikin gari, ga Koroki a Tchamba, ga ASKO da ASCK a Kara, ga Foadan a Dapaong, kowace da magoya bayanta masu zafin kai.

Amma shi kocin kulob na cikin gida, a ƙasashenmu baki ɗaya, halin da yake ciki daban ne da na Baturen da ke kwana a babban otal. Sau da yawa yarjejeniyarsa ta baka ce, ko kuwa takarda ce wadda ba ta hana a ce masa gobe kada ka zo. Albashi ya zo yau, ya ƙi zuwa gobe. Shi ne koci, shi ne mai lallashin yaron da bai ci abinci ba, wani lokaci shi ne mai neman rancen kuɗin mai. In ƙungiyar Dapaong za ta yi wasa a Lome, tafiyar sama da kilomita 600 ce a mota, a sauka da kumburarrun ƙafafu a shiga fili. In an ci su, wanda bai taɓa sayen tikitin shiga ba shi zai fi kowa ɗaga murya.

A nan ne hirar ke zama abin tsoro. Kocin ƙasa in an zage shi ya hau jirgi ya tafi, bai ma ji harshen da aka zage shi da shi ba. Na gida kuwa sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, matarsa na zuwa kasuwa ɗaya da taka, 'ya'yansa na zama aji ɗaya da naka. Kalmar nan da ke saurin fita daga bakinmu, wai ya karɓi kuɗi ya sayar da wasa, ƙazafi ce in babu hujja, kuma takan bi mutum har bayan ya bar aikin. Ka ce bai iya canji ba, ka ce ya ajiye yaron da ya kamata ya sa, wannan hakkinka ne na ɗan kallo. Amma taɓa amanar mutum wani abu ne daban, malamanmu kuma sun sha yi mana wa'azi a kansa.

Duk da wannan wahala, ina ganin aikin koci sana'a ce da ya kamata samarinmu na Zango su duba. Yaranmu da yawa burinsu su zama Adebayor ko Kader, alhali cikin ɗari da wuya ɗaya ya tsallaka, wanda ya tsallaka ma ƙafa ba ta wuce shekara 35 tana biyan buƙata. Mai horarwa kuwa yana iya aiki har furfura. Hanyar a shimfiɗe take: CAF tana da takardun shaidar koci hawa-hawa, daga D zuwa C zuwa B zuwa A, sannan ta ƙoli da ake kira Pro, hukumar ƙwallon ƙasa ce kuma ke shirya kwasa-kwasan. Wanda ya yi nisa a boko yana iya neman shiga makarantar INJS ta Lome, inda ake horar da malaman motsa jiki. Tun 2022 CAF ta ƙirƙiro gasar ƙwallo ta makarantu, wanda ke nufin ana buƙatar masu horar da yara maza da mata a lakwal-lakwal. Ban da babban koci kuma akwai mai horar da masu tsaron gida, akwai mai kula da ƙarfin jiki, akwai mai nazarin wasa a kwamfuta.

Ɗan Zango yana da wani jari da bai san darajarsa ba, wato harshe. Yaron da ya tashi yana jin Hausa da Kotokoli da Faransanci, in ya ɗan ƙara Turancin Ingilishi, zai iya tsayawa gaban 'yan wasa a Yamai ko Maraɗi ko Tamale ko Paraku ko Kano ya yi magana a fahimce shi. Ga misalin Manu Garba na Gombe, wanda ya bi ta horar da yara har ya ciyo wa Nijeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013. Sharaɗin dai shi ne kada a bar karatu, don kwas ɗin koci akwai rubutu akwai jarrabawa, tsohon suna a fili ba ya amsa tambayar takarda. Iyaye su san da haka, tsofaffin 'yan wasanmu da ke zaune a gari su ma su san da haka.

Kiranmu ga shugabannin kulob-kulob shi ne su rubuta yarjejeniya da kocinsu, su faɗa masa abin da suke so a shekarar farko da ta biyu, su biya shi a kan kari, sannan su auna shi a ƙarshen kaka. Ga attajiranmu na Zango, masu motocin sufuri da masu shaguna, in mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kwas ɗin saurayi ɗaya, ko ya saya wa ƙungiyar unguwa ƙwallaye da riguna, ya yi wa tamaular garin nan abin da surutun shekara goma bai yi mata ba. Mu kuma 'yan kallo, mu ci gaba da gardamarmu, amma mu riƙa shiga fili muna biyan kuɗin ƙofa, mu kuma bar mutuncin mutane inda muka same shi.

Mai ƙarin bayani ko wanda bai yarda da abin da muka faɗa ba, ya rubuto ta ofishin wannan jarida, za mu buga in fili ya samu. Musamman muna son jin ta bakin dattawan da suka ga Sémassi ta 1984, su gaya wa yara yadda aka yi aka kai can. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.